Na je shagon kayan lambu sau uku a bazarar bana, ga abin da na gani

Bara wallahi na yi asarar da har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Dashen tumatir shida na sayo a farkon Afrilu, kore shar, masu kyau, na kawo gida na dasa su a ranar saboda ɗoki, kwana uku suna tsaye abinsu, a dare na huɗu sanyi ya sauko, da safe na fito na tarar duk sun yi baƙi sun langaɓe kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Babu wanda ya ce min komai lokacin da nake saye, an karɓi kuɗi an sa min a kwali shi ke nan. Shi ya sa bana nace sai na canza wuri, kuma ba zan yi rubutu a kan shago ba sai na je shi fiye da sau ɗaya. To na je wannan sau uku, Maris da Afrilu da Mayu.

Bari in fara fayyace bazarar da nake nufi don kar mu rikice. Ina maganar bazarar ƙasashen sanyi ne, wato watannin da ke biyo bayan hunturu, daga Maris zuwa Mayu a arewacin duniya, lokacin da rana ke ƙara tsawo, bishiyoyin da suka kaɗe ganye suka fara toho. Wajen 20 ga Maris dare da rana suke yin daidai, daga nan kowa sai ya fara ƙaiƙayin shuka. Matsalar ita ce rana takan yi daɗi da hantsi har mutum ya cire rigar sanyi, amma da dare zafin ya faɗi ƙasa da sifili, raɓa ta daskare a kan ganye.

Zuwan farko ranar Asabar ne da safe. Wurin babba ne gaskiya, akwai rumfar gilashi inda ake rainon ƙananan shuke-shuke, akwai fili a waje inda aka jera bishiyoyi da itatuwan fulawa cikin tukwane, sai ɓangaren kayan aiki, shebur da manjagara da almakashin datse reshe da safar hannu da butar ban ruwa da baro, can ƙarshe kuma buhunan taki da ƙasar tukunya an tara su har sun fi ni tsawo. Tun daga ƙofa fulawowin dafodil da tulif ne suke tarbar mutum, rawaya da ja, ƴata da na je da ita sai da ta tsaya ta shinshina kusan kowace tukunya. Tsabta kam ba laifi, hanyoyin suna da faɗi, mai tura keken jariri ko keken marasa lafiya zai wuce ba takura.

Abin da ya sa nake rubutun nan kuwa wata dattijuwa ce da ke aiki a rumfar gilashin. Na ɗauki ƙananan dashen tumatir biyu da tattasai ɗaya na sa a kwando, ta dube ni tace, ƴata, kina da ɗaki mai ɗumi da haske da za ki ajiye su har Mayu? Nace a'a, waje zan kai su. Tace to mayar da su, in kika kai su waje yanzu kashe su za ki yi. Ni fa tunda nake sayayya ban taɓa ganin mai sayarwa ya ce mayar da kaya kar ki saya ba. Ta tsaya ta yi min bayani tiryan-tiryan, cewa tumatir da tattasai da kokwamba da kabewa asalinsu na ƙasashen zafi ne, ruwan da ke cikin ganyensu in ya daskare sai ya farfasa ƙwayoyin jikin ganyen, shi ya sa da safe ake ganinsu baƙi lugwi-lugwi, kuma ba sa farfaɗowa. Nan take na gane abin da ya kashe nawa na bara. Tace abu na farko da mai lambu zai sani shi ne lokacin da daskarewar dare ke ƙarewa a yankinsa, don ya bambanta daga wuri zuwa wuri, wani wajen Afrilu ne wani wajen sai ƙarshen Mayu, kuma daga wannan ranar ake ƙirga komai baya. Irin tumatir ana shuka shi cikin gida sati 6 zuwa 8 kafin nan, tattasai ya fi shi jinkiri don haka ana fara shi da wuri.

Nace to Mama me zan shuka yanzu, don hannuna ƙaiƙayi yake. Ta yi dariya ta kai ni wajen fakitin iri ta ciro min latas da alayyafon Turawa da koren fis da ƴan ƙananan albasar dashe, tace waɗannan ba sa tsoron ɗan sanyi, fis ma ya fi son sanyin, latas kuwa in zafi ya yi yawa irinsa ƙin tsirowa yake yi. Amma tace kar in yi gaggawar haƙa ƙasa in tana jiƙe. Ta koya min wata dabara mai sauƙi: ki damƙi ƙasar a hannu ki matse, in ta dunƙule tana ɗigar ruwa ko ta manne kamar laka to ki bar ta, in kika taɓa ta da yatsa ta wargaje to ta yi. Wai tattaka jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta, iska ta kasa shiga, saiwa ta sha wahala duk shekara. Na dawo gida na gwada, tawa ta dunƙule tamau, sai da na jira kwana goma.

Dankalin Turawa ma na saya a ranar, na iri, ba irin na ci ba. Tace in jera su cikin kwalin ƙwai, idon yana kallon sama, a wuri mai haske da sanyi-sanyi na kamar sati shida har su fitar da gajerun toho masu kauri, sannan a binne zurfin santimita 12 ko makamancin haka, tazarar santimita 30 tsakani. In sun fito a riƙa tara musu ƙasa a gindi, don duk dankalin da haske ya taɓa kore yake komawa, koren nan kuma guba ne, ba a ci.

Sai ajin koyar da shukar iri da suke yi ranakun Asabar a wannan lokacin. Na yi rajista na koma da ƴata. Mu wajen goma sha biyar ne a kan dogon tebur, kowa an ba shi faranti mai ramuka da ƙasa da iri. Wani saurayi ne ya koyar, ya san aikinsa, sai dai yana sauri kamar ana korarsa. Abin da na fi amfana da shi maganar zurfi ce, yace yawancin masu farawa binne iri suke yi da yawa, ƙa'idar ita ce zurfin ya zama kamar ninki biyu na girman ƙwayar irin, ƙanana sosai irin na latas ma a barbaɗa a sama a ɗan yayyafa ƙasa kaɗan. Ya nuna mana faranti biyu da ya shuka rana ɗaya. Na farko tsiron gajeru ne masu ƙiba, kore sosai. Na biyu sun yi tsawo siri-siri fari-fari duk sun karkata gefe guda, yace waɗannan ɗumi ya yi musu yawa haske ya yi musu kaɗan, suna miƙewa ne neman rana. Ya kuma ɗago wani da ya kwanta, ya sa mu duba gindinsa, wurin ya tsuke ya yi ruwan ƙasa kamar an murɗe zare, yace cutar ruɓewa ce da yawan ruwa da rashin iska ke kawowa, maganinta kar a cika ban ruwa, a zuba ruwan ta ƙasan faranti ƙasar ta tsotsa da kanta, kuma a wanke tsofaffin tukwane kafin a sake amfani da su.

Yara kuma an ware musu teburinsu, an ba su ƙwayar sanfulawa da kofin takarda. Ƴata ta tura ƙwayar da ɗan yatsanta ta rufe, ta rubuta sunanta a jikin sanda ta soka, duk hanya tana riƙe da kofin da hannu biyu. Kwana takwas ya tsiro, ta zo ta tashe ni da asuba tana cewa Ummi ya fito, ya fito da hularsa, ashe ɓawon ƙwayar ne ya maƙale a kan ganyen. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar zuwa. Ƙorafina a kan ajin shi ne ba a bar lokacin tambaya ba, ana gamawa aka fara kwashe tebur don masu zuwa na gaba, wani dattijo kusa da ni yana ta ɗaga hannu yana son ya tambayi ma'anar F1 da ke jikin fakiti ba a kula shi ba. Ni na faɗa masa abin da na sani, cewa iri ne da aka haɗa daga iyaye biyu daban, yana yin kyau da yawan amfani, amma in ka tara ƙwayarsa ka shuka baɗi ba lallai ya fito kamar uwarsa ba. Bai kamata a ce ɗan aji ne zai amsa wannan ba alhali malami yana tsaye.

Ɓangaren taki da ƙasa nan ne na fi daɗewa, kuma nan ma sun yi ƙoƙari. Suna gwada ƙasa in ka kawo kaɗan a leda, su faɗa maka tsaminta. Ma'aunin daga 0 zuwa 14 yake, 7 ne tsakiya, duk yadda lambar ta yi ƙasa tsamin ya fi yawa, yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Tawa ta ɗan haura 7, sai ma'aikacin yace to kar in ɓata kuɗina a kan furen azaliya da itacen buluberi a cikin wannan ƙasar, su masu son tsami ne sosai, wajen 4.5 zuwa 5.5, in ina so sai dai a tukunya da ƙasarsu ta musamman. Ga shi kuwa azaliyar na nan an jera ta tana ta ƙyalli, da ban kawo ƙasar ba da na ɗauka. Ya kuma karanta min lambobi ukun nan da ke jikin buhun takin zamani, N da P da K, na farko na ganye ne, na biyu na saiwa, na uku na fure da ƴaƴa. Yace mutane suna labta wa tumatir mai yawan N sai su ga ganye ya cika wuri babu ƴaƴa su rasa dalili. Fis da wake kuwa ba sa buƙatarsa da yawa tunda akwai ƙwayoyin halitta a ƙululun saiwarsu da ke samo musu shi daga iska.

Wani abu da na ji daɗi, sun raba buhunan ƙasar tukunya gida biyu an rubuta a fili, mai pit da marar pit. Pit ɗin nan ruɓaɓɓen gansakuka ne da ake haƙowa daga fadamu, kuma kusan milimita ɗaya tak yake taruwa a shekara, ka ga abin da ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa a kwashe shi a zuba a buhu don fulawar wata uku, ga iskar kabon da ke ƙunshe a ciki tana fita in an haƙe. Ni marar pit na ɗauka. Gargaɗin da zan yi shi ne samansa yana saurin bushewa alhali cikinsa a jiƙe yake, sai ka cusa yatsa ka ji kafin ka ƙara ruwa, sati biyun farko na kusa ruɓar da latas ɗina kafin in gano haka.

Yanzu abin da ya ɓata min rai, kuma ba ƙarami ba ne. Zuwa na biyu a tsakiyar Afrilu, ina shiga sai ga tumatir da tattasai da kokwamba da fulawowin da ba sa jure sanyi an jera su a bakin ƙofa, daidai inda kowa zai fara gani, babu ko ƴar takarda da ke cewa kar a kai waje tukuna. Mutane suna ta lodawa a kwando. Na tsaya ina kallon wata mata da tire guda cike, na ga kaina na bara, sai da na matsa nace ƴar uwa yi haƙuri, in waje za ki dasa ki ɗan jira. Ta yi godiya ta rage. To ina amfanin a ce akwai ma'aikaciya mai gaskiya a can ciki, amma tsarin shagon kansa yana tura mutane ga asara? Ba kowa ne zai haɗu da ita ba. Na faɗa wa wanda ke kula da wurin, yace akwai masu ɗakin gilashi a gida da ke buƙatarsu da wuri. Na yarda akwai su, amma rubuta layi ɗaya a kwali me zai rage musu?

Abu na biyu da ya ɓata min rai, maganar guba. Suna sayar da furen lili cikin tukwane masu kyau ba wani gargaɗi, alhali lili yana lalata ƙodar kyanwa, ko garin furen ta lasa a jikinta zai iya kashe ta. Kan dafodil ma guba ne kuma kama yake da albasa, gidan da ke da yara ya kamata a sanar da su. A jikin wasu tukwanen akwai ɗan rubutu ƙanƙane da sai ka ƙura ido, a wasu babu sam.

Abu na uku, can bayan fili akwai layin da kamar an manta da shi. Tukwanen sun bushe har ƙasar ta janye daga gefe, na ɗaga ɗaya na ji shi sakayau. Na juya wata tukunyar lafanda na zaro ta a hankali, saiwar ta naɗe ta zagaye kamar curin zare, babu ƙasa sai saiwa, wasu har sun fito ta ramin ƙasa. Irin wannan ya daɗe a tukunyar fiye da ƙima, in ka dasa shi haka saiwar ci gaba da zagaye take yi. Shawarata ga duk mai zuwa, ko wane shago ne, kar kyan fure ya ɗauke maka hankali. Duba ƙasan tukunya, in an bari ka zaro ka ga saiwa, fara mai ƙarfi ita ake so, baƙa mai wari a bar ta. Ɗaga ganye ka duba bayansa don nan ƙananan kwari masu tsotsar ruwan ganye suke ɓuya. Kuma wanda ke cike da ƙunshin fure da bai buɗe ba ya fi wanda ya gama buɗewa, shi ne zai yi maka ado a gida. Cunkoso kuma ranar Asabar da rana ba a magana, layin biya ya kai har cikin rumfa, mai iko ya je ranar aiki da safe, lokacin ma'aikata ke da sukunin tsayawa da kai.

Zuwa na uku a Mayu na nufi wajen dattijuwar nan kai tsaye, ta gane ni, tace yanzu kam ɗauki. Amma ba ta bar ni na tafi haka ba. Tace dashen da ya tashi cikin ɗumi bai san iska ba bai san zafin rana kai tsaye ba, sai an saba masa. Kwana 7 zuwa 10, ranar farko a fitar da shi awa biyu a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, a mayar ciki, kullum ana ƙara lokaci ana matsawa da shi rana, sai a kwanakin ƙarshe ya kwana waje. Na bi wannan sau da ƙafa duk da wahalar shiga da fita da tire safe da yamma. Ranar dashe kuma na yi yadda tace, na cire ganyen ƙasa na binne tumatir ɗin da zurfi har kusan ganyen farko da ya rage, saboda karansa yana fitar da sabuwar saiwa duk inda ƙasa ta rufe. Na ba shi ruwa sosai a gindi, na shimfiɗa ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 5 kewaye da shi ba tare da ya taɓa karan ba. Ta kuma sa na sayi wani farin mayafi marar nauyi na rufe shuka, tace ki riƙa duba hasashen yanayi, daren da sama ta yi garau babu gajimare babu iska shi ne abin tsoro. Sau ɗaya na yi amfani da shi kuma ya yi rana.

Na tambaye ta tulif da dafodil ɗin da na saya a Maris, furen ya zube ganyen ya fara muni, in yanke? Tace ko kusa, cire kan furen da ya mutu kawai, ganyen a bar shi aƙalla sati shida har ya yi rawaya da kansa, da shi kan da ke ƙasa yake tara abincin furen baɗi. Kuma in ina son su da yawa, da kaka ake binne kawunansu kafin hunturu, sanyin ne ke sa su fure, sayen su cikin tukunya a bazara na mai gaggawa ne. Ta ƙara min da cewa itacen da ke fure da farkon bazara irin fositiya mai rawayan nan ba a datse shi sai ya gama fure, in ka datse kafin nan furen shekarar ka zubar. Dodon koɗi da ya addabi latas ɗina kuwa, matashin da ke wajen magunguna ya so ya haɗa ni da kwalabe har uku, ita tace in fara fita da tocila da dare in tsince su da hannu, in kuma riƙa ban ruwa da safe maimakon yamma. Na yi dare huɗu ina tsinta, ɓarnar ta ragu sosai.

Abu na ƙarshe da zan yaba, wani ɗan itacen wardi da na saya a Afrilu ya ƙi toho sam, na kankare ɓawon da farce na ga ciki busasshe ruwan ƙasa ba kore ba. Na mayar da shi da rasit, suka duba suka canza min ba gardama ba ɓata fuska.

In za a tambaye ni, zan koma, kuma zan tura mutum, amma da sharaɗin kar ya tsaya a abin da aka jera a ƙofa, ya wuce ciki ya nemi tsofaffin ma'aikatan rumfar gilashi ya yi tambaya kafin ya sa komai a kwando. Tumatir ɗina huɗu yanzu sun kai gwiwa, biyu sun fara fure, sanfulawar ƴata kuma ta kusa kamo ta a tsawo, kullum sai ta tsaya kusa da ita ta gwada.